Kwantak ko ilektironik? Shawara kan 504 ɗin Baba

Ɗan Marigayi (Runjin Sambo):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara na zo nema. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, injin 2.0 mai kafireta. Da aka zo rabon gado 'yan'uwa suka ce ni ne mai son ta, aka yi mata kuɗi aka cire a rabona. A cikinta aka riƙa kai ni firamare, don haka ba motar sayarwa ba ce.

Ga damuwar. Da safe sai na daɗe ina murza makulli kafin ta tashi. In ta ɗauki zafi kuma sai ta fara daddatsewa, wani lokaci har ta yi bakfaya. Ranar Asabar na kama hanyar Tambuwal zuwa ɗaurin aure, na wuce Bodinga lafiya, kafin in kai Shagari ta mutu murus. Na tura ta gindin wani dogon yaro, na zauna kusan rabin awa, ina murzawa ta tashi kamar ba ita ba. Sau biyu ke nan ana sake mata kwantak, wato ɗan makunnin da ke sa fulogi ya ba da wuta, cikin wata huɗu. Mai rewayar da nake kai wa ya ce in daina wahalar da kaina, a cire kwantak da kwandansa a sa ilektironik. Zuciyata ba ta kwanta ba, domin Baba bai taɓa yarda an sauya mata komai ba. Me kuka gani?

Baba Makaniki (Tudun Wada):
Wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan tsohonka, shi sa ya huta. Ɗana, kada ka bari a taɓa distiribitar ga, mai rarraba wuta ga fulogi, tukuna. Motar da ka mutuwa in ta yi zahi, ta tashi in ta huce, ba kwantak ba na. Kwantak in ya lalace ya lalace, hutawa ba ta gyara shi. Wanga ciwo na kwandansa na ko koyil. Sau biyun da anka sake kwantak, an sake kwandansa? Kuma buɗe murhin distiribita ka kama sandar da rota ke zaune kai, ka girgiza ta gehe da gehe, ka gaya min ko tana rawa.

Oga Rewaya (Mabera):
Baba, ranka ya daɗe, a hannun irinku muka koya, kuma maganar kwandansa gaskiya ce. Amma ka san kayan da ke kasuwa yanzu ba irin na zamaninku ba ne. Na sha ɗaura sabuwar kwandansa fil daga kwali, kafin sati biyu mai mota ya dawo yana faɗa. Kwantak ɗin ma haka, robar da ke gogar kam ɗin, wato ƙusumbin sandar distiribita mai buɗe kwantak, laushi gare ta. Ga ƙurar hunturu ta Sakkwato, in ta shiga ta haɗu da giris sai ta koma kamar sanfefa, ta cinye robar, tazarar bakin kwantak ta tsuke, taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya ja baya, mota ta fara shan mai tana kasala. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ke da kuɗin ciyar da motar da taimin ɗinta ya gudu? Ilektironik ba abin da ke gogar wani a ciki. Ka saita sau ɗaya, ka manta.

Baba Makaniki (Tudun Wada):
Wagga kalma ta "ka manta" ita ta ban tsoro. Tsohuwar mota ba a mantawa da ita.

Malamin Fasaha (Dundaye):
Bari in sa baki, domin ina ganin ɗan'uwanmu zai fi yanke shawara in ya san abin da ke faruwa a cikin ƙarfen nan. Kwantak makunni ne kawai, kamar na fitilar ɗaki. In ya rufe, wuta daga batir tana bi ta cikin koyil tana tara ƙarfin maganaɗisu. In kam ya ture shi ya buɗe, wutar ta yanke farat ɗaya, sai koyil ya harba dubban bolt, sama da 15,000, su bi ta rota zuwa fulogi. Aikin kwandansa shi ne ta shanye tartsatsin da zai yi tsalle a bakin kwantak lokacin buɗewar. In ta raunana, bakin kwantak ya ƙone, wutar fulogi kuma ta yi sanyi.

A injin silinda huɗu, kowane zagaye ɗaya na karanshaf sau biyu kwantak ke buɗewa. In injin na juyi 3,000 a minti, buɗewa 6,000 ke nan, wato sau 100 a daƙiƙa guda. Don haka dole ya ci, ba laifin kowa ba ne. Wannan tsari Charles Kettering na kamfanin Delco a Amurka ne ya fito da shi, aka fara sa shi a motocin Cadillac wajen 1910, ya yi sama da shekara sittin yana aiki a duniya. Sai a farkon shekarun 1970 Chrysler ta fara sa ilektironik a motocinta, General Motors ta biyo baya. Su ma ba don kwantak ba ya tuƙa mota suka bar shi ba. Dokokin hayaƙi sun matsa musu, kuma masu saye sun gaji da zuwa gareji.

To amma ga inda mutane ke ruɗewa. Ƙaramin kit ɗin da ake ɗaurawa cikin tsohuwar distiribita, irin na Pertronix, makunnin kaɗai yake maye. Ƙarafan nan biyu da sifirin ɗinsu da ke ƙasan faranti, masu tura taimin gaba in injin ya ɗauki gudu, suna nan yadda suke. Gwangwanin bakyum na gefe shi ma yana nan. In sun cije ko robar ciki ta yage, ko ka sa ilektironik na zinariya motar ba za ta yi daɗi ba. Ba ya ƙara wa injin ƙarfi kuma. Wanda ya ce motarsa ta ƙara gudu bayan ya sa, yawanci taimin ɗinsa ne da ma ya gudu, ranar aka daidaita masa.

Ɗan Marigayi (Runjin Sambo):
Na gode Malam, yau na fahimci abin da ake ce wa kwandansa. Baba, na kira mai rewayar, ya ce bai sake kwandansar ba don a ganinsa tana da kyau. Sandar kuma na girgiza, tana ɗan motsi amma ba sosai ba. Bakin kwantak ɗin ya yi baƙi, gefe ɗaya ya yi rami, ɗayan ya yi tsini.

Kawu Mai Kunkuru (Gawon Nama):
Ni Volkswagen kunkuru gare ni, haɗin Legas, kuma na bi hanyar nan da ake so a tura ka. Ɗana ne ya aiko min da kit daga waje. Gaskiya wata takwas na ji daɗinsa, murzawa ɗaya take tashi ko da sanyin asuba. Ran nan na je Gwadabawa gaisuwar rasuwa, na bar jikana cikin mota, ya murza makulli yana sauraron rediyo, injin a kashe. Da na fito na murza, sitata na juyi, wuta babu. Mojul, wato ƙwaƙwalwar kit ɗin, ya ƙone. Ba ya wari, ba ya hayaƙi, ɗan baƙin abu ne kamar ƙwayar dabino, ba ka da abin da za ka yi masa. Duk garin ba mai irinsa. Mota ta kwana can, washegari na dawo da tsohon kwantak ɗina cikin aljihu, muka ɗaura a ƙofar gidan, na auna tazara da kwalin ashana don ban zo da fila geji ba, na saita taimin da ɗan ƙwan fitila da waya biyu. Har yau shi ke kai.

Abin da nake so ka gane, kwantak yana yi maka sallama kafin ya tafi. Zai yi sati yana tari, yana gaya maka. Wancan kuwa lafiya lau yanzu, anjima gawa.

Oga Rewaya (Mabera):
Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma barin makulli a buɗe ko kwantak ne yana ƙona shi, har koyil ya kumbura in bakin ya dace a rufe. Ba laifin ilektironik kaɗai ba ne. Kuma sababbin da ake yi yanzu wasunsu suna yanke wutar da kansu in injin ba ya juyi.

Kawu Mai Kunkuru (Gawon Nama):
Na yarda yana ƙonewa. Amma in ya ƙone ina goge bakinsa da 'yar sanfefa in isa gida. Naka fa?

Tsohon Direba (Minannata):
Ku bar ni in faɗi abin da ba wanda ya taɓo. Na yi shekaru ina jan 504 wagon daga Sakkwato zuwa Kano ta Gusau da Funtuwa. A lokacin in mota ta tsaya maka a daji, ka buɗe bonet, ka shimfiɗa tabarma, fasinja su yi salla, wani direba ya tsaya ya ba ka kwandansa daga aljihun motarsa. Kowane direba makanikin kansa ne. Yanzu wa zai so ya tsaya minti goma tsakanin Tureta da Talatar Mafara, ko a hanyar Isa da Sabon Birni? Maganar "zan gyara a bakin hanya" ta zamanin zaman lafiya ce. Yau abin da ake nema shi ne motar da ba za ta tsaya ba sam. Ni da ina da 504 yanzu, abin da ya fi daɗewa bai tsaya ba shi zan sa, ko mene ne sunansa.

Baba Makaniki (Tudun Wada):
Malam direba ka hwaɗi gaskiya mai ɗaci, Allah shi kawo muna zaman lahiya. Amma ka duba, wagga magana taka tana yanka ta ko'ina. Wanda ya duba kwantak nai kahin shi hita gida, minti biyar, ya san halin da shi ke ciki. Mojul ko ka dube shi shekara ba ka sanin ranar da za shi mutu. Ba a fafe gora ranar tahiya.

Anti Mai 505 (Arkilla):
Sallama gare ku. Ni 505 nake ja, ta maigidana ce tun yana aiki, kuma ita da ilektironik ta zo daga kamfani. Ina faɗa ne don kada a ɗauka ilektironik baƙon abu ne a gidan Peugeot. Duk tsawon shekarun nan sau ɗaya ta taɓa ba ni kunya, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40. Na taso daga Babbar Kasuwa, ina kan titin Ahmadu Bello ta ɗauke. Da aka duba, mojul ɗin yana zaune ne kan wani farantin alminiyam, tsakaninsu akwai wani farin man shafawa mai janye zafi, shi ne ya bushe ya zama gari. Aka sa wani mojul da sabon man, shi ke nan. Tun ranar ina ajiye guda ɗaya a mota, naɗe cikin tsumma. Don haka Kawu, mojul ma ana iya yawo da na ajiya, kusoshi biyu ne da soket.

Amma ƙanena, ni da motar mahaifina ce, ba zan yi saurin sauya ta ba. Wannan kuma maganar zuciya ce, ba ta injin ba.

Matashi (Kalambaina):
Yaya, me zai hana ka sauke injin ɗin gaba ɗaya ka ɗora na Toyota mai burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin? Mutane da yawa sun yi, sun huta da kafireta da kwantak duka.

Ɗan Marigayi (Runjin Sambo):
A'a ƙanena. In na yi haka gangar jiki kawai ta rage. Ƙarar injin nan ita muke ji tun daga kan kwana mu san Baba ya dawo.

Mai Kayan Gyara (Ƙofar Atiku):
Ni mai sayarwa ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin da Oga Rewaya ya faɗa kan kayan yanzu haka yake. Kwali ɗaya, tambari ɗaya, amma abin ciki kala uku. Laifin ba namu kaɗai ba ne, in na ajiye mai kyau da mai araha, cikin mutum goma tara mai araha za su ɗauka. Faransa ta daina ƙera 504 salun tun 1983, Kaduna ce ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa kayanta suka yi yawa a ƙasar nan, na kirki da na banza. Har yanzu akan dace da tsohon ajiya na asali, Ducellier ko Bosch, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, wani lokaci a wajen tsofaffin 'yan kasuwar Birnin Ƙonni, tunda su ma ƙasar Peugeot ce. In ka samu, sayi biyu. Kuma tsohuwar kwandansar asali da aka ciro daga wata distiribitar sau da yawa ta fi sabuwa ta kwali.

Sai dai ku sani, ilektironik ɗin ma akwai jabu, ya ma fi yawa. Wanda ke gudun jabun kwantak ya faɗa jabun mojul bai tsira ba.

Oga Rewaya (Mabera):
Shi ya sa ni ba na sa wa 504 kit ɗin kasuwa. Distiribitar 505 ta asali nake nema, da mojul ɗinta da koyil ɗinta, tunda injin 2.0 ɗin gida ɗaya suka fito. In cire tsohuwar gaba ɗaya in ba mai mota ya ajiye a but. Ba a yanka waya ko ɗaya da ba za a iya mayarwa ba. Ranar da ya so komawa, minti ashirin ne.

Malamin Fasaha (Dundaye):
Wannan ya fi hankali, Oga, amma a duba lambar da ke jikin distiribitar, domin ba duka ke tura taimin iri ɗaya ba. In ta yi gaba da yawa za ka ji injin na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in an taka a hawa, wannan kuma fistin yake ci a hankali, musamman da zafin garin nan. Akwai kuma wani kamfani a Holan, 123ignition, da ke yin cikakkiyar distiribita wadda taimin ɗinta duka na ilektironik ne, babu sifirin, sai dai kuɗinta da canjin yau ba na kowa ba ne. Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba, a bar kwantak a wurinsa a sa masa ɗan akwatin taransisto, ya zama ƙaramar wuta kawai ke bi ta bakinsa, babbar ta bi ta akwatin. Bakin ba zai ƙara ƙonewa ba, amma robar za ta ci gaba da ci.

Ɗan'uwa, akwai abin da ya tsaya min a rai. Kwantak biyu cikin wata huɗu ya yi yawa ko da jabu ne. An taɓa sake maka koyil?

Ɗan Marigayi (Runjin Sambo):
An sake bara, bayan rasuwar Baba da 'yan watanni. Tsohon ya fara zubar da mai, aka kawo wani aka ce ya fi wuta.

Malamin Fasaha (Dundaye):
To a sa mita a auna tsakanin ƙananan kusoshinsa biyu. Koyil na kwantak wajen om 3 (ma'aunin yadda waya ke tare wuta) ya kamata ya nuna, ko 1.5 in akwai rezisto a gabansa. In na motar ilektironik aka ɗaura maka, za ka ga ƙasa da om 1. Lissafin a fili yake, bolt 12 a kan om 3 amfiya 4 ke nan, abin da bakin kwantak zai iya ɗauka. A kan om 0.8 kuwa amfiya 15 ne. Ba kwantak ɗin da zai rayu a haka, koyil ɗin kansa zai yi zafin da ba ka iya taɓa shi.

Baba Makaniki (Tudun Wada):
Awo, Malam ya kai inda ni ka nuhi. Ɗana, kawo ta gobe da sahe kahin rana ta yi, mu gani da ido.

Ɗan Marigayi (Runjin Sambo):
Jama'a na dawo da labari. Na kai ta wajen Baba Makaniki jiya. Koyil ya nuna om 0.9, babu rezisto ko ɗaya a layin. Baba ya ce in taɓa shi bayan minti goma da tayarwa, wallahi sai da na janye hannu. Kwandansar ita ma da ta ji zafi ta daina riƙe wuta. Kam ɗin a bushe yake ƙayau, duk sau biyun da aka sake kwantak ba wanda ya shafa masa giris. Sandar kuma Baba ya ce rawarta ba ta kai a damu ba tukuna.

Sai ga wani abu. Muna neman tsumma a but, ƙarƙashin taya ta ajiya, muka ci karo da wani gwangwanin madara mai murfi da ban taɓa lura da shi ba. A ciki akwai fila geji, ganyen milimita 0.40 ya yi sheƙi don yawan amfani, da kwantak guda naɗe a takarda mai maiƙo, da kwandansa biyu, da ɗan guntun sanfefa an ninke shi huɗu. A jikin takardar mahaifina ya rubuta 1-3-4-2, jerin yadda silindodi ke samun wuta, da biro, da rubutunsa. Na daɗe a tsaye ban iya cewa komai ba.

Kwantak ɗin da kwandansa ɗaya muka ɗaura, aka samo koyil mai om 3, aka sa tazara 0.40, fulogi 0.6, aka saita taimin. Da la'asar na je Bodinga na dawo, ban ji ta yi tari ko sau ɗaya ba. Yau da asuba murzawa ɗaya ta tashi.

Anti Mai 505 (Arkilla):
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ka riƙe gwangwanin nan da kyau.

Oga Rewaya (Mabera):
Alhamdu lillahi. Na karɓa, da an sa kit a kan wannan koyil ɗin shi ma da ya ƙone, domin irin na Pertronix ma om 3 yake so a silinda huɗu. Kuskuren abokin sana'armu ne, ya kamata ya auna. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya, kwantak ɗin gwangwani guda ne, kuma zai ƙare. Ranar da ya ƙare, ka neme ni mu yi maganar distiribitar 505.

Tsohon Direba (Minannata):
Cikin gari da Bodinga ba matsala. In tafiya mai nisa ta kama, ka fita da sassafe, kuma kada ka yarda magariba ta same ka a hanya, ko me ke cikin distiribitar.

Mai Kayan Gyara (Ƙofar Atiku):
Ka ɗauko hoton kwantak ɗin da lambar jikin distiribitar ka turo min. Ina da tafiya Kano wata mai kamawa, zan duba maka a Ƙofar Ruwa ko Allah zai sa a dace da irinsa.

Baba Makaniki (Tudun Wada):
Ɗana, ka dawo ran Asabar da hwila gejin tsohonka. Ni ba ni taɓa komi, kai za ka kwance, kai za ka auna, ni ina zaune ina kallo. Ka tuna silinda ta ɗaya ga Peugeot tana baya wajen kuloci, ba gaba wajen lagireto ba, nan yara da yawa ka ɓata. Kuma ka taho da ɗan giris, kamar ƙwayar gero ya isa.

Ɗan Marigayi (Runjin Sambo):
In sha Allahu Baba, ƙarfe takwas ina ƙofar gareji. Zan zo da babban ɗana shi ma ya gani.